Fim ɗin da Kawu Tamimu ya kalla sau sha huɗu a Kumasi

Tunda kowa ya faɗi nasa a wasap ni ma bari in faɗi nawa, don ina wurin da idona na gani, kuma kawuna ne, ƙanin uwata ciki ɗaya, ba wanda zai gaya mini wane ne Tamimu. Sunana Rafia, kitso nake yi a wani shago a titin 125 a Harlem, ta gilashin shagon ina hango teburinsa daga safe har yamma, to me za a ɓoye mini.

Faifan fim yake sayarwa. Shekararsa hamsin da takwas, a zangon Kumasi aka haife shi, bai yi boko ba sai allo, allon ma innata ta ce rabi a makaranta rabi a ƙofar silima ya yi shi. Yana saurayi aikinsa kenan, a rataya masa katako mai zanen fim ɗin ranar a wuya, a ba shi ƙararrawa ya zaga unguwa yana kaɗawa yana ihu, ladansa a bar shi ya shiga kyauta ya zauna a bencin gaba inda wuya ke ciwo. Daga nan ya ɗauko cutar. Ya zo Amurka a casa'in da uku ya yi tasi shekara tara har bayansa ya ƙi, matarsa ta rasu a gida bai samu zuwa jana'iza ba don takarda, shi ne ya kafa tebur a bakin titi, da kaset ya fara kafin faifai ya zo. Ɗaki ɗaya gare shi a Morrisania, in ka shiga ba inda za ka sa ƙafa, kwali kan kwali har rufi, gadon ma rabinsa faifai ne ke kwana a kai.

Kuma wallahi ba ya jin kansa ɗan tebur. Jin kansa yake alƙali. Alƙalami uku ne a aljihun gaban rigarsa masu kauri ɗin nan, kore da rawaya da ja, duk faifan da zai sayar sai ya kalla tukun ya ɗiga masa alama. Kore a kalla da iyali. Rawaya babba ya kalla shi kaɗai. Ja kuma ba ya hawa tebur, bola. Shekara goma sha biyu yana wannan, mutanen zango na Bronx kaf sun san in Tamimu ya ɗiga kore ka sa wa surukarka ka tafi kasuwa hankali kwance. Shi ne abin da yake taƙama da shi a duniya, ba gida ba mota, sai wai idonsa. Ka ce masa sannu Kawu ya ce maka fim ɗin jiya daraktan bai san aikinsa ba. Yanzu fa kowa a waya yake kallo, wani lokaci tun safe har azahar ba wanda ya tsaya sai tattabaru, amma yana nan zaune da alƙalumansa kamar mai jiran shari'a.

To akwai Hajiya Damata. Ita ma 'yar Kumasi ce, mijinta ya rasu shekara shida, aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu, ranar Asabar kuma ta dafa wake da shinkafa irin namu ta sa a robobi ta kawo wa masu tebura. Mace ce ba ta da yawan dariya, in ta dube ka sai ka duba ko rigarka a juye take. Kawu shekara biyu yana sonta yana zagaye-zagaye kamar mai neman wurin fakin, sai bara ya buɗe baki. Ba ta ce e ba ba ta ce a'a ba. Ta ce ita ta gaji da mazan garin nan masu fuska biyu, ta masallaci daban ta waya daban, ya bari bayan Babbar Sallah za ta ba shi amsa, in ta ga dama ta ce ya tura manyansa wurin yayanta a Parkchester. Tun daga ranar Kawu ya fara guge riga.

Ba shi kaɗai ke nema ba. Akwai Alhaji Sahabi, mutumin Najeriya, direba ne a wani ofishin jakadanci amma in ka ji yana magana sai ka rantse shi ke sa hannu a takardun. Kullum mu a ofis, mu a ofis. Turarensa na riga shi shiga ɗaki da minti biyu. Shi ma yana kai wa Hajiya gaisuwa, yana cewa a gaban mutane ai mace irinta ba ta dace da bakin titi ba.

Saura sati uku Sallah wani shagon faifai na wani tsohon Bature ya rufe, Kawu ya kwaso kwali biyu, yawanci ba bango ba hoto, faifai ne tsirara a farar takarda da rubutun biro. Rannan ina cikin yi wa wata kitso sai ga shi ya faɗo shagonmu, shi da ba ya shiga wurin mata, idonsa jawur yana riƙe da faifai ɗaya da hannu biyu kamar jariri.

“Rafia na same ta! Matar Jirgi! Wallahi ita ce!”

Na ce wace mata kuma Kawu, ya ce fim ne na Italiya, tsoho, a Kumasi haka suka sa masa suna don ba wanda ya iya faɗin sunan gaskiya, sau sha huɗu ya kalle shi yana ɗan shekara ashirin da biyu, tun da ya zo ƙasar nan yake nemansa. Wai labarin wata baiwar Allah ce mai farar hula, ƙaninta ya ɓata, ta hau jirgin ruwa tana bin gari gari tana nemansa, duk namijin da ta gamu da shi sai ta bi shi ɗaki ta tambaye shi ko ya ga ƙaninta, ta fito ta ci gaba. Wai zumunci. Wai haƙuri. Wai duk duniya ba fim mai tarbiyya kamarsa. Matar da nake wa kitso ta ɗago kai ta dube ni na danna kan na mayar.

Na ce to ka kalla yanzu? Ya ce ya sa, ya ga jirgin ya ga hular ya ji kiɗan, minti biyar hawaye suka zo masa ya kashe. Ba zai ƙarasa shi kaɗai ba, da Hajiya Damata zai kalla, a gaban jama'a, ta ga irin abin da ya gina shi. A gabana ya ciro koren alƙalami ya ɗiga. Shekara goma sha biyu bai taɓa ɗiga wa abin da bai kalla har ƙarshe ba sai ranar.

Yaw, Ashanti ne mai sayar da man kaɗe da sabulun salo a teburin da ke gefensa, shi ma tsohon ɗan Kumasi ne yana jin Hausa kamar mu, ya karɓi faifan ya juya ya ce, “Cale, abokina, nan an rubuta minti casa'in da takwas. Ni na tuna wannan fim a gida ko awa ɗaya ba ya kaiwa, kafin ka gama gyaɗarka an kunna fitila.”

Kawu ya fizge abinsa. “Talla ce suka ƙara. Ka san Bature da talla.”

“Talla ta minti arba'in?”

“Kai dai sayar da sabulunka.”

Ƙungiyarmu ta 'yan zango tana taro duk Lahadin bayan Sallah a wani ɗakin ƙasa da muke haya a Morrisania, na manya ne, yara ana barinsu sama wurin wasa da masu duba su. A ci a sha a yi maganar wanda ya rasu da wanda za a kai gawarsa gida. Kawu ya je ya roƙi shugabanni a ba shi awa ɗaya da rabi bayan azahar, wai tuna gida. Ya ari majigi. Ya wanke farin zanin gado ya goge. Har kwafi ashirin ya buga da kuɗinsa, kowanne da ɗigon kore, ya jera a ƙaramin tebur bakin ƙofa wai kyauta, kowa ya ɗauka ya kai wa iyali. Ya ɗinka sabuwar babbar riga ta farar shadda, fara sol. Ku riƙe maganar rigar nan.

Ranar mutum ya kai sittin. Mata hagu maza dama, dattawa a gaba har da masu carbi a hannu, Hajiya Damata a layi na biyu ta sha mayafi ruwan toka. Ni ina baya wurin kulolin abinci. Alhaji Sahabi ya zo a makare ya wuce gaba ya ɗauki rimot daga kan kujera ya ce shi zai riƙe, su a ofis kullum da irin wannan na'ura suke aiki. Kawu ya riƙe makirfo, don fim ɗin da Italiyanci yake ba mai ji, shi zai riƙa fassarawa, shi ma fa ba ji yake ba.

Aka kashe fitila. Jirgi ya fito, teku, kiɗa mai kamar ana jan akuya a hankali, ga mata da farar hula. Kawu ya ce, “Jama'a ku dube ta. Marainiya ce. Ƙaninta take nema.” Tsofaffi suka ce Allah sarki. Ta yi ta tafiya a kan jirgi tana kallon ruwa, iska na ɗaga mata gashi, minti goma ba abin da ya faru, wallahi ko kitson kalaba ya fi shi labari. Sai ga wani mai gashin baki da farar rigar matuƙa, ƙirji a buɗe gashi kamar tabarmar ƙofa. Suka kalli juna. Ya buɗe ƙofa.

“To yanzu za ta shiga ta tambaye shi,” in ji Kawu. “Ku gani yanzu za ta fito. Akwai ladabi wurin yarinyar nan.”

Ba ta fito ba. Mu ne muka shiga.

Ni ba zan rubuta abin da aka gani ba, ina da uwa. Abin da zan ce kawai hular ce ta fara sauka kuma ba ita ce ta ƙarshe ba, kuma ba a yi maganar ƙani ba ko da Italiyanci. Makirfo na bakin Kawu, sai muka ji ta lasifika ya ce, a hankali, “A'a. Ba haka take yi ba.”

Sai salati ya tashi ta ko'ina. Mata suka ja mayafi kan fuska, wata tsohuwa Mma Safiatu tana ta faɗin a kashe a kashe amma ta gyara zaman tabaranta. Ana Alhaji kashe! Alhaji rimot! Alhaji Sahabi na ofis yana riƙe da rimot yana dannawa wai bai ga madannin ba, idonsa kuwa ba a kan rimot yake ba, ina kallonsa. Ya danna wani abu hoton ya tsaya cak a mafi munin wuri. Ya sake dannawa ya ci gaba a hankali a hankali. Ya sake dannawa ƙara ta ƙaru.

Shi ne Kawu ya yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Ya yar da makirfo ya ruga gaban zanin ya buɗe hannuwa biyu ya baza babbar riga wai ya tare. Farar shadda. Gaban majigi. Jama'a fim ɗin gaba ɗaya ya dawo kan cikinsa, tas, ya ma fi fitowa a kan shaddar don ta fi zanin gadon sheƙi. Yana tsaye ido rufe yana faɗin kar ku kalla kar ku kalla, mai gashin baki na yawo a ƙirjinsa. Yaw ya faɗo daga kujera. Ni na cusa bakin gyalena a baki har na ƙware.

Hajiya Damata ce ta tashi, ba gudu ba ihu, ta taka ta bi ta gefen bango ta tsallake ƙafafun dattawa ta zare wayar daga soket. Duhu. Ta kunna fitila. Ta dubi Kawu yana nan hannu a buɗe, ta dubi Alhaji da rimot, ta ɗauki jakarta ta hau matakala. Ko kulolinta ba ta tsaya ɗauka ba.

Kafin la'asar guruf ɗin ƙungiya ya kama da wuta, kowa ya zama malamin fim. Wani ya ce a kore shi daga ƙungiya. Wani ya ce dama shi ya daɗe yana zargin koren nan. Wata ta ce duk faifan da ta taɓa saya wurinsa ta zuba a shara, ƙarya take, na je gidanta bayan nan suna nan kan talabijin. Alkasim, wani ɗan Nijar mai aikin fassara da ke sa gyale a wuya ko ana zafi, ya rubuto dogon bayani wai mu ba mu waye ba ne, wannan fasaha ce, a lura da yadda haske ke faɗowa ta taga, c'est du cinéma, a Yamai suna ɗalibai irinsa suke kallo su yi muhawara. Aka ce masa to ya kai wa babarsa ta ga hasken tagar. Ya fita daga guruf, aka mayar da shi don a ƙarasa zaginsa. Mma Safiatu ta yi saƙon murya ta ce ita abin da ya dame ta yarinyar ba ta cin abinci, duk haƙarƙari a waje, ga labulen ɗakin mai kyau amma ba wanda ya ja shi. Wani ɗan tasi ya ce shi kiɗan ne ya fi ba shi haushi. Kiɗan! Duk abin da aka yi shi kiɗa ya ji.

Ni da na koma kwashe kuloli na duba teburin bakin ƙofa. Kwafi ashirin Kawu ya jera. Saura uku. Mutanen da suka fita suna a'uzubillahi suna kaɗe riga, sha bakwai sun bi su. Ban ga hannun kowa ba, amma matan duk ta gabana suka wuce hannunsu riƙe da mayafi.

Sai Alhaji Sahabi ya saki nasa, saƙon murya minti tara, da sallama da muƙaddima kamar huɗuba. Ya ce shi a matsayinsa ba zai yi shiru ba. Ya ce wannan ɗan tebur ya ci mutuncin iyayenmu mata musamman wata baiwar Allah mai daraja da ba zai ambaci sunanta ba. Ya ce don jama'a su san girman ɓarnar bari ya lissafa, ya fara, na ɗakin matuƙi, na cikin lambun lemo, na gidan mai zanen hoto, na wurin wanka da mata biyu, har da wai na ƙarshe a kan rairayi wanda ya fi duka muni. Yana faɗa yana innalillahi, yana innalillahi yana ƙara bayani.

Hajiya Damata ba ta taɓa magana a guruf ba, ko barka da Juma'a ba ta turawa. Ranar ta yi saƙo na sakan goma sha ɗaya, na ji shi ya fi sau talatin.

“Salamu alaikum. Alhaji, ni na zare waya muna cikin jirgi. Lambun lemon nan a ina ka gan shi?”

Ka ga alamar Alhaji yana rubutu, ta ɓace, yana rubutu, ta ɓace. Can ya ce wani ne ya ba shi labari a ofis. Yaw ya tura hoton lemo guda ɗaya. Daga ranar har yau ba mai kiransa Alhaji Sahabi a Bronx, Alhaji Lemo, yara ma da ba su san dalili ba haka suke gaishe shi.

Amma wannan bai wanke Kawu ba. Kwana sha biyu bai fito tebur ba. Na je ɗakinsa da abinci na same shi zaune tsakiyar kwalaye da jan alƙalami yana bin faifai ɗaya ɗaya yana ɗiga ja a kan kore, har na wa'azi, har na namun daji. Ya rame. Rigar shaddar na ƙudundune a lungu. Na ce Kawu ka ci abinci, ya ce, “Rafia sau sha huɗu. Da idon nan. Tana shiga tana fitowa. To ni mahaukaci ne?”

Yaw ne ya warware masa, ya zo da yamma bayan ya tashi kasuwa ya zauna kan kwali ya ce, “Cale, wa ke harba fim a silimar nan taku?”

“Baba Almakashi.”

“Me ya sa ake ce masa haka?”

“Tela ne da.”

Yaw ya riƙe kai. Ya ce wane tela, mutumin nan ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba. Dattijo ne mai tsoron Allah da neman abinci ya kai shi silima, duk fim ɗin da ya zo sai ya kulle kansa a ɗakin majigi da safe ya bi zaren fim ɗin a hasken taga, duk inda ya ga an fara cire ko agogo ne ya datse da almakashi ya liƙe da gam, in za a mayar wa masu shi ya sake liƙa musu abinsu. Ashanti na unguwar duk sun sani, shi ya sa suke hawa mota su tafi silimar cikin gari. 'Yan zango ne kawai ke zaune suna kallon rabin fim suna tafi.

“To kai ba ka taɓa lura ba,” in ji Yaw, “ta shiga da jar riga ta fito da shuɗiya?”

Kawu ya ce, “Na ɗauka Turawa haka suke da saurin canza kaya.”

Shekara talatin da shida fa. Mutumin da ke gaya wa darakta bai san aikinsa ba.

Rana ta sha uku ya fito don haya ba ta san kunya ba. Ya shimfiɗa tebur ya zauna kai ƙasa, aljihu ba alƙalami ko ɗaya sai koren da ya ajiye gefe wai zai jefar. Asabar ce. Wajen sha biyu ina raba wa wata gashi sai na hango mayafi ruwan toka da jakar robobi, na ce wa matar ina zuwa na bar ta da rabin kai na fito na laɓe wurin man kaɗen Yaw kamar ina ciniki.

Hajiya ta ba Yaw robarsa ta ba mai hulunan gefe tasa, ta zo gaban Kawu ta tsaya. Ya miƙe har yana ture tebur.

“Hajiya wallahi tallahi ni ban...”

“Zauna Malam Tamimu. Yaw ya gaya mini na almakashi.” Ta jawo kujerar Yaw ta zauna ta ɗora jaka a cinya. “Ba ni labarin wanda ka gani a Kumasi. Daga farko. Kar ka tsallake.”

Ya dube ta ya ga ba wasa take ba. Ya fara, murya ƙasa ƙasa, jirgi, hula, marainiya. Kan ya kai gari na biyu ya manta da kunya, hannu ya fara tashi, yana yin kiɗan da baki, yana nuna yadda take tsayawa bakin ruwa, har masu wucewa na waiwaye. Ta shiga wurin matuƙi ta fito. Ta shiga wurin mai lambu ta fito. Mai zane ma bai ga ƙanin ba. Bas biyu suka wuce na uku ya wuce tana zaune ba ta katse shi ba. Ya kai ƙarshe inda ta koma jirgi tana ɗaga hannu, idonsa har ya kawo ruwa.

Hajiya ta ce, “To ta ga ƙanin?”

“A'a.”

“An taɓa nuna shi? Ko hotonsa?”

Kawu ya yi tunani. “A'a.”

“To wa ya ce maka tana da ƙani?”

Ashe shi ya ƙirƙiro ƙanin da kansa a bencin gaba, don ya rasa me zai sa mace ta yi ta bin ɗakunan maza, ya gaya wa abokansa, duk zango suka ɗauka.

“Ka ji nawa ra'ayin,” in ji ta. “Na Kumasin ma banza ne. Mace ta ɓatar da ɗan'uwa ba ta je wurin 'yan sanda ba, ba ta je asibiti ba, ba ta tambayi mace ko ɗaya ba, sai canza riga. Ko da almakashin shirme ne. Sau sha huɗu! Da ka yi sha huɗun nan a makarantar allo da yanzu kai ke ja mana salla.”

“Haka ne Hajiya.”

“Kuma mutum ya tare majigi da farar riga. Ko akuya ta san inuwa.”

“Haka ne Hajiya.”

“Daina ce mini haka ne.” Ta ciro roba ta dangwara masa a kan faifai, da ƙwai biyu a sama, na gani, kowa ɗaya ake sa masa. “Maza sittin a ɗakin nan, ba sittin ba ko talatin ne, kai kaɗai ka tashi. Wauta ce amma ka tashi. Sauran wuyansu har tsawo ya ƙara.”

Ta miƙa hannu ta ɗauki koren alƙalamin ta juya shi ta buɗe jaka ta jefa ta ja zif.

“Wannan ya dawo wurina. Daga yau ba abin da za a ɗiga wa kore sai na kalla har ƙarshe, da sunayen da ke hawa bayan an gama. Ja da rawaya ka riƙe abinka.”

Kawu ya ce, “To ai Hajiya faifan da yawa, kwali ya fi arba'in, kuma duk a ɗakina suke, ta yaya za ki...”

Yaw ya jefe shi da sabulu. “Cale kai wane irin mutum ne!”

Ta miƙe ta gyara mayafi. “Yayana yana gida ranar Lahadi bayan azahar. Ka san Parkchester ko sai an zana maka a katako an rataya maka a wuya? Ka turo manya masu hankali. Kar ka turo mai lemo. Kuma kar ka sa rigar nan.”

Ta tafi. Kawu na tsaye riƙe da roba yana kallon bayanta har ta shiga tashar jirgin ƙasa, sai ya juyo ya gan ni ya ce ke me kike yi a nan, ba ki da aiki ne. Na koma na tarar matar ta gaji da jira ta ɗaura ɗankwali kan rabin kitso tana zagina da Faransanci.

An ɗaura aure watan da ya wuce. Yanzu tebur ɗin rabinsa ba alama don Hajiya ba ta kallon fim sai ranar Lahadi, guda ɗaya, kuma yawanci tana kai rabi ta ce shirme ne ta ba shi ja. Kwafi ukun da suka rage ita ta kakkarya su da hannunta. Sha bakwai ɗin kuma har yau ba wanda ya dawo da ko ɗaya, kuma waɗanda suka kwashe su duk suna sahun gaba ranar ɗaurin auren suna ce wa Kawu Allah ya shirye ka.